Onni Ba Ta Zo Barka Ba

Shekarar da na yi cikin fari, mutanen da na fi yawan magana da su a duniya ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. Muna zaune a Al Rayyan, a gefen birnin Doha, a saman wani bene da kowa ke garƙame ƙofarsa kamar an ce masa maƙwabcinsa ɓarawo ne. Maigidan injiniya ne a wajen haƙar gas cikin teku, idan ya tafi sai ya yi makonni bai leƙo ba. Ni kuwa daga Zariya aka ɗauko ni, inda nake koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, kullum maƙogwarona a dishe saboda tsawa. Na zo Doha na zauna daga ni sai ƙugin esi. Idan ya dawo hutu yakan kai ni kasuwar Souq Waqif mu zaga, ni kuwa ba kaya nake kallo ba, kunne nake kasawa ko zan tsinci Hausa a bakin wani mai tura baro. Idan ya koma, shiru ya dawo wurinsa. Akwai ranar da na lura har la'asar ban buɗe baki ba sai a sallah.

Fim ɗin Koriya ba a Doha na fara kallonsa ba. Tun muna jami'a muke karɓo shi wajen masu tura fim a waya, mu haɗa kai a katifa ɗaya muna zubar da hawaye a kan mutanen da ba su san muna yi ba. Amma a Doha ne na zauna na dube shi da idon basira, don ba ni da abin yi. A nan na gane rubutun Turancin da ke bi ta ƙasan allo iri biyu ne. Akwai na kamfani, mai tsabta, gajere, wanda idan kika karanta sai ki rantse mutanen a Landan aka yanke musu cibiya. Akwai kuma na 'yan sa-kai, masoya fim ɗin da ke haɗuwa a intanet su fassara kyauta. Nasu ya fi hayaniya. Idan yarinya ta kira babbar ƙawarta onni, ba sa share kalmar su maye ta da suna. Sai su bar ta yadda take, su ɗora ɗan bayani da rawayan rubutu a saman allo cewa haka mace ke kiran macen da ta girme ta. Idan aka ajiye wani abinci a tebur kowa ya yi tsit, za su gaya miki dalilin shirun. Bayanan nan suna tuna mini ƙananan rubuce-rubucen da ke gefen littattafan Babanmu na zaure, waɗanda wani malami ya bari don kada mai zuwa a baya ya ɓata hanya.

Halin malamai ne ya kai ni cikinsu. Na ga kuskuren Turanci a wani kashin fim da suka fassara, hannuna ya yi ta ƙaiƙayin jan biro, na kasa haƙuri na rubuta musu. Shugabar guruf ɗin ba ta ji haushi ba. Ta ce tunda idona ya gani, sai in zo in gyara. Haka bakina ya jawo mini aikin da ba albashi, kuma ban taɓa murnar samun aiki kamar ranar ba.

Aikin layi-layi yake tafiya. Idan kashi ya fito a Koriya, wajen la'asar ɗinmu ke nan, wata ce ke fara bi ta kansa tana sa alamar inda kowace magana ta fara da inda ta tsaya. Sai masu jin Koriyanci su raba shi, kowa ta zuba ma'anar kasonta. Daga nan ya faɗo hannuna in daidaita Turancin, in tabbatar bai wuce layi biyu ba, don ido ya gama karantawa kafin mai magana ya rufe baki. Shugaba ta duba, ta saki. Kusan dukkanmu mata ne, kuma doka ɗaya ce mai ƙarfi a tsakaninmu: ba a tambayar sunan gaskiya, ba a tambayar gari. Ba da izinin masu fim muke aikin ba, kowa na gudun abin da zai je ya dawo, don haka kowa da laƙabinta. Ni dai abin bai dame ni ba. Na sami dalilin yin wanka da wuri, in gama girki, in zauna gaban kwamfuta ina jiran a turo mini kasona.

Cikin masu fassarar akwai wata 'yar Koriya da ta girme mu duka, kowa Onni take ce mata. Turancinta a karye yake, amma ba abin da ke wuce ta. Bayananta kuwa, sai wanda ya gani. Mutum zai ɗan sunkuyar da kai a fim, ita ta rubuto huɗuba a kan wa ya girmi wa da kuma me ya sa. Ni ce mai almakashi, don haka kullum sai mun yi. In rage, ta mayar. In sake ragewa, ta turo mini 'yar fuskar nan mai kuka. Wata rana ta rubuto dogon bayani a kan miyar ganyen teku, cewa ita ake ba mace idan ta haihu, shi ya sa kowa ke shan ta ranar zagayowar haihuwarsa don ya tuna wahalar uwarsa. Na matse shi ya koma layi biyu. Ta ce na tsiyaye romon na bar wa mutane ganyen.

Amma akwai inda ni ce ke tsaya mata. Wata a cikinmu, wadda rubutunta kaɗai ya isa ya nuna Ba'amurkiya ce, ta nace a daina barin onni da sauran kalmomin girmamawa, wai suna gajiyar da mai kallo, a sa sunan mutum kawai a wuce wurin. Na ce mata ni an taɓa ɗalle mini baki don na kira yayata da sunanta gatsal, kuma har gobe ban taɓa jin Ummata ta ambaci sunan Babanmu ba. Idan aka cire kalmar, yarinyar fim ɗin ta koma marar kunya, alhali ba haka take ba. Ranar Onni ta biyo ni da saƙo ta bayan fage ta ce, “Ku ma haka?” Na ce mu ma haka, Yaya muke cewa. Daga nan hira ta ɓarke tsakaninmu. Ta gaya mini yadda ake kawar da fuska idan za a sha wani abu gaban babba, na gaya mata yadda ake durƙusa wa suruka. Duk abin da ta ɗauko sai in ce ai muna da irinsa. Har takan ce mini, “Ke kin san komai namu.” Ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Ciki dai yana ta girma. A al'adarmu haihuwar fari gida ake zuwa, uwa ta yi wa 'yarta wanka. Mun so haka, likita ta hana. Jinina ya hau, ƙafafuna sun kumbura, ta ce ba ni ba jirgi. Sai muka juya kan Umma ta zo. Aka yi ta bin takardun biza, yau ne gobe ne, har ciki ya tsufa ba su fito ba. Ga shi tsakiyar zafi ne, lokacin da Doha ke watsewa. Matan 'yan Najeriya biyu da na ɗan saba da su, matar wani likita da matar wani malamin jami'a, sun kwashe yara sun tafi gida dogon hutu. Na zauna zan lissafa masu zuwa mini barka, ban sami ko yatsa ɗaya da zan lanƙwasa ba.

Ban ji tsoron naƙuda kamar yadda na ji tsoron wannan ba. Na taso a gidan da idan aka haihu ba kya samun wurin aje ƙafa saboda takalma a bakin ƙofa. Mata su shigo su karɓi jariri su yi ta juya shi, wannan ta ce hancin uban ne, waccan ta ce ƙarya take na kakarsa ne, a tsokani maijego a ce ta cika raki. Ni ban nemi duk wannan ba, na san inda nake. Mace ɗaya nake so ta yi sallama ta shigo, ta miƙo hannu ta karɓi abin da na haifa, ta ce barka. Iyakar burina ke nan.

Ana nan, wata rana Onni ta makara da kasonta. Da ta turo sai ta ba da haƙuri a guruf, ta ce ta tsaya faɗa da famfo ne. Wai famfon sanyi tafasasshen ruwa yake zubarwa, har sai da ta kashe hita ta koma ɗiban ruwan sanyi daga famfon zafi. Sauran suka yi ta dariya, sun ɗauka raha ce. Ni kuwa na sake karanta saƙon. Wanda bai zauna a ƙasashen nan lokacin zafi ba bai san rana na dafa ruwa a tankin saman bene ba, bai san famfuna na musayar aiki ba. Na yi ta juya maganar a raina, doka na ja na ta nan, kaɗaici na ja na ta can. A ƙarshe na bi ta bayan fage na rubuta, “Onni, kada ki amsa idan ba kya so. Ni ma famfona haka yake.”

Can sai ga amsa: “Al Gharrafa.”

Da tulin cikina na miƙe tsaye. Al Gharrafa! Nan da can, ko kujerar tasi ba za ki gama ɗumamawa ba. Mijinta injiniyan gine-gine ne, 'ya'yanta sun girma suna Koriya, ita ma daga ita sai esi. Muna ta faɗa a kan layi biyu, ashe wataƙila mun sha gogar kafaɗa a kanti, ni ina zaɓen albasa ita tana zaɓen kabeji. Na zazzage mata halin da nake ciki, har maganar Umma da biza. Muka sa rana, Asabar, idan mun saki kashin ƙarshe na fim ɗin da muke kai, za ta zo. Maigidan ya riga ya dawo jiran haihuwa, na sa shi ya sauko da kofunan da ba a taɓa shan komai a cikinsu ba tun da aka kawo su cikin kayan aurena. Yarinyar ba ta jira Asabar ba, ranar Laraba da hantsi ta taho.

Da aka sallamo mu daga asibiti na tarar da guruf ya cika da hotunan furanni. Maigidan ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Shi ne dafa ruwan wanka, shi ne dama kunun kanwa Umma na koya masa ta waya. Kunun ya fito tsululu, na sha don kada ya ji kunya. Amma namiji ba ya zuwa barka gidansa. Na rubuta wa Onni cewa mun dawo, ga kwatancen gida, ta zo ko yau. Na ƙara da cewa a kwana na bakwai ake raɗa suna, taro ne, lallai da ita.

Amsarta ta zo da sauri. “Ba yanzu ba. Jaririya sabuwa ce sosai. Ki rufe ƙofa. Ki sa safa.”

Safa, a Doha, a tsakiyar zafi! Na ce wataƙila ba ta fahimce ni ba, na sake rubutawa da Turancin 'yan firamare: zo yau, zo gobe, zo ko yaushe. Ta turo fuskar kuka ta ce, “Ba kyau.” Ta roƙi in tura mata hoton yarinyar, na ƙi. Na ce a raina mai son gani ya tako.

Washegari da hantsi mai gadin benenmu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Bakatsine ne mai ɗan shekaru, tun zuwana shi kaɗai nake gaisawa da shi da Hausa idan zan wuce. Ya ja baya ya tsaya nesa da ƙofa, riƙe da leda.

“Hajiya, barka da arziki, Allah shi raya. Wata 'yar Chana ce ta kawo, ta ce a ba madam mai bebi.”

“Tana ina, Malam?”

“Ta tahi. Na ce mata yalla, ga lif nan ta hau, sai ta gicciye hannuwa haka a ƙirji tana ta sunkuyo mini. Khalas, shi ke nan, ta shige mota.”

A cikin ledar roba ce mai murfi, da ɗuminta. Miyar ganyen teku ce. Na gane ta kafin in gama buɗewa, tunda ni na gyara bayaninta. Kore mai duhu, da santsi kamar karkashi, tana ƙamshin man riɗi da tafarnuwa. Saƙo ya biyo a waya cewa naman sa ne na halal, ba ta sa giya ba. Na ce ba zan sha ba. Mutum ya zo har ƙofar gida ya ƙi hawowa, sannan ya aiko da miya, an gaya mata yunwa nake ji? Na ture ta gefe. Kafin azahar na shanye ta tas, har da kurɓe romon ƙasa. Fushi daban, yunwar jego daban.

Haka ta riƙa yi, idan ba ta zo yau ba, za ta zo gobe. Kullum a ƙasa take tsayawa. Na ce wa mai gadi ya riƙe ta da magana ya kira ni in sauko. Ya gwada, ya ce da ta ga ya ɗaga waya sai ta yi ta ja da baya har bakin titi.

“Amma fa, Hajiya, matar nan tana daɗewa,” ya ce. “Ta tambaye ni tagarku, na gwada mata. Sai ta tsaya cikin ranar nan tana kallo.”

Na ce, “Tagar ce ta haihu?”

Zuciya ba ta rasa abin saƙawa. Na ce ko sai yanzu ta tuna baƙar fata ce ni. Na ce ko gidan Musulmi ne ba ta son shiga. Na ce ko dai ta fi son mutane a allo, inda idan an gaji da su sai a rufe kwamfuta. Na kai ƙara wajen Umma, ta ce, “Ke kuma, wanda ya dafa miki ai bai ƙi ki ba.” Na ce, “Umma, zumunta a ƙafa take.” Ta ce, “To ai ƙafar ce take kawo ta ƙofarki.” Na sauya magana, don ba na son a kare ta.

Ranar suna a Zariya aka yanka rago. A nan kuwa maigidan da abokansa suka yi addu'a a masallacin unguwa, aka raba dabino, kowa ya wuce aiki. Na yi wanka, na sa atamfar fitar suna da Umma ta aiko tun ciki na ƙarami, na kafa ɗauri, na zauna a falo. Ƙanwata ta ɗaga waya tana zagayawa da ni tsakar gidanmu. Tukwane a kan murhu, gwaggonnina sun yi anko, ana ta zuba waina a kwanuka, kowa ta leƙo da fuska ta ce a nuna mata ita. Ana shagalin sunan 'yata a can, ita tana barci a cinyata a ɗakin da ba motsin kowa. Da layin ya yanke na ci gaba da zama cikin kwalliyata har la'asar ta yi sanyi, ina sauraron lif. Duk sanda ya tsaya a hawanmu sai in gyara ɗauri. Ranar na yi kukan da ban yi a ɗakin haihuwa ba.

Daga ranar na daina amsa saƙonta. Takan rubuto, kin ci abinci, nono ya zo? In gani in kife waya. Miyar dai ban daina sha ba.

Zuwanta na ƙarshe ba a roba ta kawo ba. Mai gadi ya hawo da wata baƙar tukunyar ƙasa mai nauyi an naɗe ta da tawul, irin wadda nake gani a fina-finan tana tafarfasa a tebur. Daga ita kuma miya ta daina zuwa. Ba a daɗe ba maigidan ma ya koma teku.

Tukunyar nan ta zauna a kicin ta hana ni sakat. Roba ana iya mantawa da ita, amma tukunya dole a mayar, kuma mu ba a mayar da kwanon mutane haka nan. Da na ɗan ji ƙarfin jikina sai na ce to, idan ita ba ta iya hawan bene ba, ni na iya sauka. Umma ta ce ban yi arba'in ba ina za ni, na ce a tasi ne, daga ƙofa sai ƙofa. Na jiƙa busasshen zogalen da na zo da shi daga gida, na ɓarza shinkafa, na turara dambu, na zuba masa gyaɗa da albasa da mai, na cika tukunyar har wuya. Har kalaman da zan faɗa mata na shirya, masu sanyi a sama, yaji a ƙasa. Na yi wa yarinya ado. Sannan na ɗauki waya na rubuta, “Ki kwatanta mini gidanki. Zan kawo miki tukunyarki.”

Ban kai ga ajiye wayar ba kira ya shigo, na bidiyo. Ba mu taɓa yi ba.

'Yar ƙaramar mata ce da tabarau, furfura a gaban goshi, fuskarta duk gajiya. Ba haka na zana ta a raina ba. A bayanta akwai taga, ana ruwan sama, ga wani dutse kore shar. Doha ba ta san ruwa a wannan lokaci ba, ba ta kuma da dutse kore.

“Onni, kina ina?”

“Gida,” ta ce. “Koriya. Aikin mijina ya ƙare. Tukunya taki ce.”

A satin da na haihu aka sanar da su, kuma ba su daɗe ba bayan ta kawo tukunyar suka tashi. Ba ta faɗa mini ba, wai ba a tayar wa maijego hankali, nono yana ɗaukewa. Kalaman da na shirya duk suka watse. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Kullum kina ƙofar gidana. Me ya hana ki hawowa? Me na yi miki?”

Ta zaro ido. Da Turancinta mai tuntuɓe ta shiga bayani, irin dogon nan da na saba yankewa, amma wannan karon ban yanke ba. A wajensu idan aka haihu, sati uku ba baƙon da ke shiga gidan. A da har igiya ake ɗaurawa a ƙofa, a saƙala mata gawayi, duk wanda ya gani ya san juyawa zai yi. Jariri bai yi ƙwari ba, jikin uwa a buɗe yake, kuma wanda ya shigo, da cutar waje yake shigowa. Ko dangi na jini sai dai su daure. Ita kuwa a kwanakin tana cikin ƙurar haɗa kaya, masu ɗaukar kaya na shiga suna fita, ga ɗan tari ya kama ta. Ta ce ranar da na rubuta mata za a yi taro a kan jaririyar kwana bakwai, kasa cin abinci ta yi don tsoro. Ta ce tana son ganina, sosai, amma ba ta so ta zama ita ce ta kawo wa yarinyar ciwo.

“Na ɗauka kin sani,” ta ce. “Ke kin san komai namu.”

Ban sani ba. Duk fina-finan da muka yi tare ba a taɓa zuwa wurin ba. Sai a kashin ƙarshe ake haihuwa, a nuna yaro yana tafiya, a rufe.

Sai ni ma na yi mata nawa bayanin. Na ce mu ranar da aka haihu ake wangale ƙofa. Wanda ya ji bai zo ba, an riƙe shi a rai ke nan har tsufa. Macen da ta haihu ba a cika mata ɗaki ba, kamar ba ta da kowa ne a duniya. Na gaya mata yadda na wuni cikin kwalliya ranar suna ina jiran ta. Ina magana haushin bai gama fita ba, kuma na rasa wanda zan ɗora wa.

Ta cire tabarau ta rufe fuska da tafin hannu. Da ta buɗe, idanunta sun yi ja, ta ce, “Ba wanda ya sa mini bayani a sama.”

Dariya ta kubce mini a cikin kuka. Na juya wayar na nuna mata tukunyarta cike da dambu yana tururi. Ta tambayi mene ne koren, na ce ganye ne shi ma, amma na bishiya. Ta ce in ci da yawa, in ci nata kason. Sannan ta lanƙwasa yatsu tana lissafi a ranta, ta ɗago ta ce ai sati uku ya wuce.

“Yanzu zan iya ganinta?”

Na jingina wayar a jikin tukunyar na ɗauko yarinyar. Ta farka, tana ta ƙifta ido cikin 'yar rigarta ta fita unguwa. Onni ta matso har goshinta ya cika allon. Ta tambaye ni me ake cewa a wajenmu, na ce barka. Ta gwada bai fita daidai ba, ta sake, ta sake, har ya fita. “Barka. Barka.” Sai ta ɗora wayarta a kan wani abu, ta gyara zama, ta miƙo hannuwanta biyu wajen allon, tafukan a buɗe.

Ban tsaya tunani ba. Na tallafe kan yarinyar na miƙa ta, yadda ake miƙa wa wadda ta zo barka. Muka tsaya a haka, ita da hannuwanta a can, ni da 'yata a nan, ana ta ruwa a bayanta. Nauyin bai bar hannuna ba. Sai da damatsana suka fara rawa, yarinyar ta fara mutsu-mutsu tana neman nono, sannan na janyo ta na mayar ƙirjina.